Yadda za ka yi gardama a fada ko a gurup ba tare da ka taɓa asalin mutum ba

Jama'a barkanmu da war haka. Shekara huɗu kenan ina riƙe da admin na gurup ɗin waya na fadarmu ta Zango, wato majalisar da muke zaman shayi da hira, mu kusan tamanin ne a ciki, wasu muna nan Damagaram wasu sun watse Yamai, Agadas, Kano, har da mutum biyu da ke Aljeriya, kuma in dai rigimar baki ce wallahi babu kalar da ban gani ba. Kullum maganar biyu ce, wannan ya ce ai ina da 'yancin faɗin albarkacin bakina, wancan ya ce an ci min mutunci sai an ba ni haƙuri, ni kuma ina tsakiya kamar mai rabon faɗan kishiyoyi. To ga abin da na koya, mai so ya ɗauka.

Kafin ka danna tura saƙo, ko kafin ka buɗe baki a gaban butar shayi, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wannan abin da zan soka, mutumin zai iya kare shi da hujja ko ya canza shi gobe? In ra'ayinsa ne, ko jam'iyyar da yake bi, ko aikin da ya yi, ko malamin da yake saurare, to bismillah, soka iya ƙarfinka, shi ma yana da baki. Amma in ƙabilarsa ce, ko sana'ar kakansa, ko unguwar da aka haife shi, ko lalurar da ke jikinsa, ko kasancewarta mace, to wannan ba gardama kake ba, ƙofa kake rufe masa, don babu amsar da zai ba ka. Me zai ce, a sake haihuwarsa?

Bari in ba ku misali da abin da ya faru da mu a wata bazara. Ruwa ya yi kwana da kwanaki bai zo a pampo ba, kun dai san halin garin nan in zafi ya kankama, 'yan garuwa suka tsauwala kuɗin bido, kowa ransa a ɓace. Aka fara magana a gurup, kuma maganar ta yi daɗi da farko, wani ya ce tun 1926 da Nasara ya ɗauke babban birni daga nan Zinder, wato Damagaram, ya kai Yamai ake mana riƙon sakainar kashi, wani ya ce ga matatar mai a bayan gari tun 2011 amma mu ruwan sha ya gagare mu, wani tela a cikinmu ya ce ku daina ɗora wa Yamai komai, ai ɗan garin nan Mahamane Ousmane ya yi mulki daga 1993 zuwa 1996, kuma 'yan majalisarmu ba daga sama suka faɗo ba mu muka zaɓe su. Ka ga duk wannan magana ce mai zafi amma halas, kowa na iya kawo tasa hujjar. Sai wani da telan ya ƙure ya yi vokal, wato saƙon murya, na sakan goma sha, ya ce "kai rufe mana baki, ɗan Kara-Kara jikan kutare har ya san siyasa?" Gurup ya yi tsit. Telan bai ce uffan ba, bayan isha'i sai muka ga ya fita. Mutumin da ke ɗinka mana kayan salla bashi, wanda in aka yi rasuwa shi ke fara isa maƙabarta. Wata uku ina sintiri shagonsa kafin ya yarda ya dawo, kuma har yau in ana gardama ba ya sa baki, sai dai ya turo alamar hannu. Maganar ruwa kuwa ta mutu a wannan daren, babu wanda ya sake tada ta.

Wannan ita ce asarar da mutane ba sa lissafawa. Mai gori yana cewa 'yancinsa yake amfani da shi, alhali ya ƙwace na wani ne, domin wanda aka goranta wa asali sau ɗaya a bainar jama'a ba zai sake magana da sakin jiki ba. Haka in an ce wa mutum ɗan bayi, ko ɗan maƙera, ko a ce wa mace ke da aka sako sau biyu me kika sani. Maganar bayi ma kar wani ya ɗauka tatsuniya ce ta zamanin da, sai a 2003 dokar ƙasar nan ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba wata mata Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ba a kare ta daga bauta ba. Ciwo ne ɗanye, ba wurin wasa ba.

To amma fa a juya ɗaya gefen, don ni ba na cikin masu cewa duk wanda ya ji haushi shi ke da gaskiya. Jin haushi ba hujja ba ne. In na ce lissafinka bai fita ba, ko na ce wa'azin da ka turo akwai kuskure a ciki, ko na ce ɗan siyasar da kake so bai tsinana komai ba, ranka zai sosu, kuma wannan ba laifina ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai masu wata dabara a gurup, da an kama su da hujja sai su koma "an raina ni, an raina manya, admin ka cire shi". A'a Alhaji, ba a raina ka ba, tambaya aka yi maka. In kai ne aka soka, ka ba kanka minti goma, ka aje wayar ka sha ruwa, ka dawo ka sake karanta saƙon, sau da yawa za ka tarar ra'ayinka aka taɓa ba kai ba, sai ka amsa ra'ayi da ra'ayi.

Kuma ko da abin da aka taɓa ya kai maƙura wajen zafi, ka lura da wanda za ka sauke wa fushin. Mu nan mun ga darasi da idonmu. Janairun 2015 jaridar nan ta Faransa Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu Musulmin da bai ji abin har cikin ƙashinsa ba, ni ma na ji, kuma har gobe ina cewa rashin mutunci ne. Amma ranar Juma'a 16 ga wata da aka sauko daga masallaci me ya faru a garin nan? Aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar har da ɗakin karatun da yaranmu ke zuwa, aka ƙona coci-coci, aka fasa shagunan Kirista, aka rasa rayuka, washegari abin ya tsallaka Yamai, jimilla mutum 10 suka mutu. Maƙwabcinmu Kirista wanda ke gyaran firiji, mutumin da bai taɓa ganin Faris ba ko a mafarki, shi da matarsa da yara a ɗakin tsohuwata suka kwana, ƙaramar tana ta rawar ɗari tana tambayar uwarta me suka yi. Wanda ya yi zanen yana can, wanda ya biya bashin yana nan layinmu, don kawai an haɗa su a kwando ɗaya. Duk lokacin da ka ji bakinka na shirin cewa "ai su duk haka suke", ko Kirista ne, ko Zabarmawa, ko Buzaye, ko 'yan Izala, ko 'yan ɗarika, to ka ja birki, ka nemi sunan wanda ya yi laifin ka kira shi shi kaɗai.

Wani zai ce to wasan taubasai fa, shi ma za ku hana? Haba, wa ya isa. Babarbare ya ga Bafulatani ya ce ga bawana, Bafulatani ya rama ya ce ku da ba ku san komai ba sai tsaga a fuska, a yi dariya a sha shayi, mu Damagarawa mu tsokani Kanawa su tsokane mu, wannan gado ne, har UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Sai dai wasan yana da ƙa'ida kuma yaran yanzu suna tsallake ta. Dole ya zama tsakanin waɗanda al'ada ta haɗa, ba kowa da kowa ba. Dole wanda ka tsokana ya iya ramawa daidai wa daida, in kai mai gida ne shi yaron shagonka to ba wasa kake ba, danniya ce da rigar wasa. Kuma ba a yinsa cikin fushi, in ana tsakiyar rigimar gona tsakanin manomi da makiyayi ka ce za ka yi wa Bafulatani "wasa", kai ma ka san ba wasa ba ne. Sannan a rubuce abin yana canza kama, a fada ana ganin murmushinka ana jin muryarka, a waya kuwa baƙaƙe ne kawai, wani ya yi kaptir, wato ya ɗauki hoton saƙon, ya kai wani gurup inda ba a san ku taubasai ba ne, shikenan ta zama zagin ƙabila. Ni shawarata wasa mai nauyi a bar shi sai an haɗu ido da ido.

Yanzu maganar doka, don wasu sun ɗauka waya ɗakin barcinsu ce. Kundin hukunta laifuka na Nijar, aya ta 102, ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai nuna wariyar ƙabila ko yaɗa ɓangaranci da zai iya haɗa 'yan ƙasa faɗa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda a 2022 aka cire ɗauri daga cikinta a kan zagi da ɓata suna, sannan a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta mai da ɗaurin. Ana iya gardama a kan dokar kanta, 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun koka cewa ana iya amfani da ita a toshe bakin masu suka, kuma ni ina ganin kukansu na da tushe, amma dai ka san tana nan kafin ka yi partaje na vokal ɗin da ba ka san wanda ya yi shi ba. "Turo min aka yi" ba ta fid da mutum a kwamisariya. Masu cewa ai a ƙasashen Turawa kowa na faɗin abin da ya ga dama su ma ba su bincika ba, Amurka ce ta sake linzami sosai, Faransa kuwa tun 1990 tana da dokar da ke hukunta wanda ya musanta kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, kowace ƙasa da inda ta ja layinta gwargwadon inda ta taɓa ƙonewa. Ruwanda ma da rediyo aka fara, ana kiran Tutsi kyankyasai, kafin adduna su fito a 1994. Mu ba ma sai mun je nesa ba, Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, ta hana izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, duk mun haddace ta a makarantar allo, aiki da ita ne ya gagara.

In kai ne admin, kar ka yi saurin cire mutum kuma kar ka yi shiru. Abin da nake yi yanzu, in gori ya fito ina rubutawa a fili nan take cewa wannan kalmar ba ta da wuri a nan, don wanda aka zaga ya ga ba a bar shi shi kaɗai ba, wannan shi ne kuskuren da na yi ranar telan, na tsaya ina jiran wani ya fara. Bayan nan sai in kira mai laifin a waya, ba a gurup ba, don mutum in an titsiye shi gaban jama'a taurin kai yake ƙarawa. In ce masa ɗan uwa maganarka ta ruwa ko ta siyasa tana nan daram ba wanda ya hana ka, wutsiyar da ka ɗaura mata ce za ka cire. Gardamar kuma ba na rufe ta, don in ka ce daga yau ba siyasa ba addini a gurup, to ka hukunta mutum saba'in da tara saboda bakin mutum ɗaya, kuma abin da za a rage yi sai turo barka da Juma'a da hoton fure.

In kuwa kai ne bakinka ya suɓuce, magana zarar bunu ce ba ta komawa, amma ban haƙuri ma yana da yadda ake yinsa. Kar ka ce "in na ɓata wa wani rai ya yi haƙuri", wane wani, ai ka san shi ka san gidansu. Inda ka yi zagin nan za ka janye shi, in a gurup ne a gurup, ka kira sunansa, ka ce abin da na faɗa a kan unguwarku ko iyayenka ban kyauta ba, ba sai ka janye ra'ayinka na asali ba in har kana kansa. Wanda ya zagi telan namu sai da babban wansa ya sa baki sannan ya yi haka, ya je har shago da goro, ya tarar ana cikin ɗinkin salla ba wurin zama, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi abin da ya kawo shi gaban yaran shago. Telan bai ɗago daga kan keke ba, ya dai ce ya wuce, sannan ya tuna masa akwai jika biyu da rabi na ɗinkin bara da bai biya ba.