Babi na 7: Lissafin matsin inji bayan an canza kam

Ƴan'uwa masu garaji na Tawa, ku ɗauko kaye da bik, ku buɗe wurin lissafi a salula. Wanda hannunsa ya saba da kwance kilas, wato kan inji, wannan lissafi ba zai gagare shi ba.

Darasi na 1: Me za mu auna?

Fiston yana tasowa daga ƙasa, amma ba nan take yake fara matse iska ba, don subab ɗin shigar iska bai gama rufewa ba. Sai ya rufe matsi ke farawa. Kam shi ne sandar da ke buɗe subab da rufe su. Kam na gudu yana jinkirta rufewar, shi ya sa lambar matsin da kamfani ya rubuta ba ta isa ba in an canza kam.

Ku cire kan batir. Ku fidda buji, ku buɗe murfin saman inji. Ku zura siririn ƙarfe mai tsabta ta ramin buji har ya zauna kan fiston. Ku juya inji da hannu, sannu sannu, ido a kan subab ɗin shiga. Yana rufewa ku tsaya, ku yi wa ƙarfen alama daidai bakin rami. Ku ci gaba da juyawa har fiston ya ƙure sama, ku sake alama. Tsakanin alamun biyu, a ce mun sami santimeta 7.

Darasi na 2: Lissafin kansa

Mu ɗauki injin Toyota 3S, mai faɗin silinda milimeta 86, wato santimeta 8,6. Ku buga 8,6 sau 8,6 sau 0,785. Ya ba da 58. Sai 58 sau 7 ɗin da muka auna, ya zama 406.

Saura ɗan ɗakin da ke saman fiston in ya ƙure. Ana auna shi da sirinji: a ɗura mai mara kauri ta ramin buji har ya cika, a ƙirga. A ce mililita 55.

To, ku natsu nan. A tara kafin a raba. 406 da 55, 461 ke nan. Ku rubuta 461 a kaye, ku zagaye shi. Yanzu ne za ku raba shi da 55, ku sami 8,4, lambar matsin ke nan.

In kun ga 7,4, ba laifin salula ba ne, kun tsallake tarawa. Ba komai, ku goge ku sake: 406, alamar tarawa, 55, daidai. Kun ga 461? Madalla. Sai rabawa. Ku faɗa da baki: tarawa tukuna, rabawa daga baya. Haba jama'a, mutum ya kwashe awa yana awo cikin zafin rana, sannan ya ɓata shi don gaggawar danna maɓalli ɗaya? Wanda ya ga 7,4 zai ce matsi bai kai ba, ya kai kilas a shafe masa don matsi ya ƙaru, alhali injin ya riga ya kai 8,4. Ku sake da ɗaki mai 50. Tarawa tukuna.

Darasi na 3: Ma'anar lambar

Masu gyaran injin gudu sukan tsaya wajen 8 zuwa 8,5 da man gidan mai. In ta wuce haka inji na iya ƙara kamar ana buga ƙusa, balle a zafin Afrilu.

Darasi na 4: Bayan awo

Ku zuƙe man da kuka ɗura kafin ku mayar da buji.