Masu shiga ƙarƙashin mota, a kula

Salam 'yan uwa makanikai, musamman mu na nan Gusau. Don Allah a daina shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, da damina ƙasa laushi take jak ɗin nutsewa yake, wallahi saura ƙiris wata Golf ta danne yaron shagona. Ramp ɗin nan mai lilo, wato 'yar gadar da mota ke hawa a ɗaga ta, ya fi, mota na hawa nauyinta ke karkato shi har ya daidaita, sai ka zura ƙarfen makullin kafin komai. Amma fa a kan siminti. Ja hanbirki, sa giya, tokare taya da katako ba bulo ba, bulo fashewa yake. Duba kilo nawa ramp ɗin yake ɗauka, kar a ɗora Hilux kan na ƙananan motoci. Girgiza motar tukuna kafin ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi.