Darasi Na Bakwai: Ɗan Fari Ma Yana Son A Ja Shi A Jiki

Ku karanta a hankali, kowa ya bi layi da yatsa.

Wasu daga cikin kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno, bakin kogi, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Sun zo da harshensu da sana'o'insu, sun kuma zo da kunyar ɗan fari. Har yau akwai uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce "kai" ko "yaron nan". Uba ma ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Kara ce, ba mu ce a zubar da ita ba. Amma yaro ɗan shekara biyar ina ya san kara? Abin da idonsa ya gani shi ne an rungumi ƙanensa, shi kuwa an kau da kai.

To, in baki ya ji nauyi, hannu ya yi aiki. Uwa, in kina suyar kisra (wainar dawa ta Sudan), miƙa masa ta farko da zafinta. Uba, in ka dawo daga gona, zauna ya karanta maka allonsa, ko da kai ma yanzu kake koyon baƙi. Dafa kansa ka ce, "Allah ya yi maka albarka." Wannan bai karya kunyar kowa ba.

Ya zo a Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan. Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, yara da yawa sun firgita. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Bulala ba ta maganin wannan, ƙara shi take yi. Kwantar da shi kusa da ke, ki yi masa addu'a yana ji. Sau da yawa ɗan farin ne ke haɗiye tsoronsa, don an ce masa shi ne babba.

Aikin gida: rubuta sunayen 'ya'yanka a littafinka, ka fara da na farin. Alƙalami ba ya jin kunya. In ka gama, kira shi ya duba maka ko ka rubuta daidai.