Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fentin Kayan Adon Kirsimeti

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, hotuna sukan fara shigowa wayata. Wannan ƙwallon adonta ya ɓare kamar an yaguje shi, waccan tauraronta na katako ya shanye ja ya koma kalar ƙasa, wani kuma ya zana mala'ika a jikin duma, washegari ya tarar da fuskar ta tsattsage. Tambayar ɗaya ce kullum: "Anti, wane fenti zan saya wanda ba ya yin haka?" Babu shi a kasuwa. Fentin akirilik mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta ya isa wannan aiki, matuƙar an fahimci halinsa. Garin launi ne a cikin wani ruwan roba. Idan ruwan ya ƙafe, robar ce take haɗuwa ta zama siririyar fata ta riƙe launin. Kusan duk ɓarnar da nake gani daga wuri biyu take fitowa: ko fatar ba ta sami abin kamawa ba, ko ba a bar ta ta gama haɗuwa ba.

Na farko shi ne shafa fenti a kan abin da ba a shirya ba. Mutum ya dawo daga kasuwar Taminus ta Jos da ledar ƙwallayen roba, ya zube su a tabarma, ya buɗe fenti nan take. To ai waɗannan ƙwallaye sun fito daga masana'anta da maiƙo a jikinsu, mai shago ya taɓa, masu ciniki sun taɓa, kai ma ka taɓa da hannun da ka shafa wa basilin saboda hunturu. Roba da gilashi ba sa shan komai, fentin zama kawai yake yi a kansu, kuma a kan maiƙo ko zaman ba ya yi. Zai yi kyau a ranar, sai an zo ratayewa farce ya ɗan taɓa, ya tashi falle guda.

Ni ga yadda nake yi. Na roba, ina bi da sanfefa mafi laushi, ba don in kankare ba, don dai sheƙin ya dusashe. Sai in goge da auduga da sifirit, irin na kemis. Daga nan ba na sake riƙewa da yatsu: ina cire murfin saman, in zura tsinken tsire a bakin, in kafa tsinken a kwano mai yashi. Na gilashi ba a sa masa sanfefa, sifirit kaɗai. Amma a yi hattara da masu launi, irin waɗanda aka gada daga salon garin Lauscha na Jamus, inda aka fara hura ƙwallayen gilashi na Kirsimeti a ƙarni na 19. Azurfarsu a ciki take, launin kuma siririn shafi ne a waje, sifirit yana iya ɗauke shi. A fara gwadawa kusa da murfi, inda ido ba ya kaiwa.

Bayan gogewa sai farin shafi na ƙasa, wanda masu zane suke kira geso. Shi ne yake ba wa fenti ɗan kaushin da zai kama. Masu tsallake shi don tattali su ne suke ƙarar da kwalba guda ta ja a kan ƙwallo uku, domin ja da ruwan ɗorawa yawancinsu ba sa rufe abin da ke ƙasa, sai an yi ta maimaitawa. A kan fari kuwa shafi biyu sun gama magana. Wasu suna amfani da farin fentin ruwa na bango a madadinsa. A kan katako da duma na yarda, ni ma ina yi. A kan roba da gilashi ban yarda ba.

Duma da ƙwarya suna da nasu hali. Idan ba a kankare fatar waje ba, akwai wani santsi a jikinta da yake korar fenti. A jiƙa, a dirje da soson ƙarfe, a shanya ta bushe ƙayau har ciki kafin a taɓa burushi. Katako kuma idan ya sha shafin farko sai gashinsa ya miƙe ya yi kaushi, don haka a sake bi da sanfefa sau ɗaya kafin shafi na biyu.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai, kuma shi ne ya taɓa cin kuɗina: ɗaukar bushewar sama a matsayin bushewa. Lokacin wannan aiki namu ya faɗo daidai hunturu, iska ba ta da laima ko kaɗan, siririn shafi yakan bushe a taɓa cikin 'yan mintuna. Wannan saurin ne yake yaudarar mutane. Saman ya yi fata, ƙasan yana nan da ruwa. Ka ɗora shafi na biyu mai kauri, burushi ya jawo na farkon ya yi gululu. Ka ɗora banish, wato shafin ƙarshe da ke kare zane, ruwan da ke ƙasa ya rasa mafita, sai ka ga wani fari-fari ya lulluɓe zanen. Ka naɗe, ya manne da abin naɗin.

Wata shekara wata zumuntar mata a Kafanchan ta ba ni aikin ƙwallaye don ƙawata majami'a. Na gama zane da yamma, na taɓa na ji a bushe, na shafa banish da daddare, da asuba na naɗe kowanne a tsohuwar jarida na jera a kwali na kai tasha. Kwalin ya yi tafiyarsa a bayan mota cikin rana. Da aka buɗe, kowane ƙwallo ya sha rubutu, har kanun labarai ana iya karantawa a juye a kan fuskar makiyaya. Inda aka ja takardar da ƙarfi, ta taho da fentin. Kuɗin mutane na mayar, kuma shugabar zumuntar ba ta ce mini komai ba sai "Allah Ya kiyaye gaba, 'yata," wanda ya fi zagi ciwo.

Don haka idan na ce ku jira, ku jira. Tsakanin shafi da shafi, rabin awa a ƙalla, kuma kowane shafi ya zama siriri. Tsakanin gama zane da banish, kwana uku. Tsakanin banish da naɗewa, mako guda idan da hali. Na san abin da za ku ce, wai lokaci ya ƙure. To wa ya hana ku farawa a Oktoba? Kirsimeti a wurinmu 25 ga Disamba take tun kafin a haife ku. Duk wanda ya karɓi aikin mutane ranar 20 ga wata ya ce zai kai ranar 23, shi ya sayo wa kansa rigima, kada ya zo yana zargin mai shagon fenti. Kuma ku daina kanga kayan a gaban kaskon gawayi ko ku shanya su a tsakiyar rana don su yi sauri. Zafi yana ƙara rufe saman ne kawai, ƙwallon roba kuma ya lanƙwashe. Haka nan ku daina barinsu a baranda su kwana. Akirilik ba ya haɗa fatarsa da kyau idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma daren Jos a wannan lokaci yakan kusanci haka. Tsattsagewar da kuke gani da safe sau da yawa daga nan take. A cikin ɗaki ake shanya, a kifa kwali babba a kai da 'yan ramuka a gefe, saboda ƙurar hunturu ba ta jin kunyar ɗanyen fenti.

Masu zuba fenti a cikin ƙwallo mai garai-garai su juya shi ya bi ciki, naku jiran ya fi na kowa tsawo. Iska ba ta shiga ta wannan ɗan bakin. A kifa shi a kan kofi ragowar ya tsiyaye, a riƙa juya shi, a bar shi kwanaki kafin a mayar da murfi. In ba haka ba, fentin zai zame ya taru a gindi.

Sai ruwa. Saboda fentin yana saurin daskarewa a faranti, sai a yi ta ƙara masa ruwa har ya zama tsararo. Ruwan yana raba robar da ke riƙe launin, in ya yi yawa abin da zai rage a kan roba ko gilashi gari ne da yatsa zai share. Ni ba na wuce kashi ɗaya na ruwa a kan kashi uku na fenti. Maganin daskarewa dabam ne: a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, a ɗora takardar gashin kek a kai, a matsa fenti kaɗan-kaɗan a kanta. Laimar tana ratsowa daga ƙasa, fentin ya kai awanni bai mutu ba.

Ja da kore su ne launukan bikin, kuma su biyun idan suka haɗu ɗanye ruwan ƙasa suke bayarwa. A bar ɗaya ya bushe kafin a kusanto da ɗayan, a ware wa kowanne burushinsa da kofin ruwansa. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda haka a haɗa launi ya ɗan fi abin da ake so haske. Ruwan zinari a kan fari ba ya fitowa, sai ya yi kamar ya koɗe. Ni ina sa masa ja mai duhu a ƙasa, wasu sun fi son baƙi, kowa da idonsa.

Burushi kuwa, in fenti ya bushe a gindin gashinsa ya tashi daga aiki. A wanke da sabulu da ruwa da zarar an gama, a kwantar da shi, kada a bar shi tsaye a kofi kansa ya lanƙwashe. Ba a wanke akirilik da kananzir ko tina, na fentin mai ne waɗannan.

Rubuta "Barka da Kirsimeti" da alƙalamin maka sannan a bi da banish yakan sa tawadar ta narke ta bazu, musamman banish na fesawa. A rubuta da siririn burushi, ko a gwada a kan wani gutsure tukuna. Banish ɗin kafinta mai mai yana mayar da fari ruwan ɗorawa da daɗewa, a nemi na ruwa. Ƙyalƙyali ana barbaɗa shi a kan ɗanyen gam, a bisa takarda, don a tattara ragowar.

Malaman makarantar Lahadi masu yi wa yara taurari da ƙararrawa da kwaɓin fulawa da gishiri, ku ma ga naku. Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, kofi 1 na ruwa, a gasa a wuta marar ƙarfi na awa biyu zuwa uku har ya yi tauri ciki da waje. A huda ramin zare kafin gashi, domin bayan gashi fashewa zai yi. Abin da ake mantawa shi ne gishiri yana jan laima. A Disamba ba za ku ga komai ba, sai damina ta kankama a Agusta ku buɗe kwali ku tarar sun yi laushi sun yi fumfuna. A shafe su da banish gaba da baya da gefe, har cikin ramin zaren, shafi biyu.

Ajiyar bayan biki ma tana kashe aiki mai kyau. Fatar akirilik tana yin laushi da danƙo idan ta ji zafi, ko da ta shekara da bushewa, kuma zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwanon rufi ya isa ya haɗa ƙwallo biyu su zama ɗaya. Kada fenti ya taɓa fenti, kada ya taɓa jarida ko leda. Ni a kiret ɗin ƙwai nake jera ƙananan, manyan kuma in raba tsakaninsu da takardar gashin kek, in tura kwalin ƙarƙashin gado inda ya fi sanyi a ɗakin.