Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta tsohon kunshin manhaja da wasu suka jingina da shi

Akwai kunshin manhaja, wato guntun manhajar da wasu manhajoji ke amfani da shi, da za ka sabunta da safe, kafin azahar ka manta ka taɓa shi. Akwai kuma irin su OpenSSL, zlib, NumPy da Log4j, waɗanda ɗaruruwa ko dubban wasu kunshe-kunshe ke zaune a kansu. Duk wanda ya ɗauki nauyin ɗaga tsohuwar sigar irin waɗannan, ko a rumbun manhajojin Linux ne ko a cikin aikin ma'aikatarsu, zai tarar cewa shigar da sabuwar sigar shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana wajen waɗanda suka jingina da tsohuwar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne fara aiki ba tare da an san su wane ne masu jinginar ba. Mutum ya duba kunshin, ya ga ya tsufa, ya sauya lambar siga, ya harhaɗa (wato ya mayar da rubutun manhajar fayil ɗin da kwamfuta ke gudanarwa), ya ga komai ya tafi daidai a kwamfutarsa, sai ya tura. Gano masu jinginar ba ya cin awa guda. A Debian da Ubuntu akwai apt-cache rdepends, a Fedora akwai dnf repoquery --whatrequires, a Node akwai npm explain, a Python kuma pipdeptree na iya juya bishiyar ya nuna maka wa ke jan wa. Amma kada ka tsaya a sahun farko. A Disambar 2021, da ɓarakar tsaro ta Log4j da ake kira Log4Shell ta bayyana, ma'aikatu da yawa sun rantse ba sa amfani da Log4j, daga baya suka tsince shi a cikin wani kunshi da wani kunshin ya jawo, wani lokaci ma a dunƙule cikin fayil ɗin jar na wata manhaja. Idan jerin ya fito, ka ware waɗanda ke kiran kunshin kai tsaye, da waɗanda ya iso musu ta hannun wasu, da waɗanda masu kula da su suka daɗe da barinsu. Na ƙarshen nan su za su fi cin lokacinka, gara ka san su tun ranar farko.

Sai amincewa da lambar siga fiye da kima. Ƙa'idar da aka saba ita ce lamba uku: ta farko idan ta sauya, a yi tsammanin karyewa, ta biyu ƙari ne, ta uku gyara ne kawai. Wannan alkawari ne na mai rubuta manhajar, kuma ba kowa ne ya ɗauke shi ba. Python kansa yana cire abubuwa tsakanin 3.11 da 3.12. Ko wanda ya ɗauki alkawarin ma, abin da ya rubuta a takardun bayani kaɗai yake karewa, alhali masu amfani sukan dogara da halayen da ba a rubuta ba: jerin da sakamako ke fitowa, kalmomin saƙon kuskure, har da wani kuskuren da suka saba da shi suka gina a kansa.

Akwai kuma karyewar da ba a gani a rubutun manhaja sam, wadda na fi so a tsaya a fahimta. Kunshin da aka rubuta da C ko C++ ana harhaɗa shi ne a kan takamaiman sigar laburaren da yake kira. Idan tsarin cikin laburaren ya sauya, rubutun mai jingina na iya zama daidai ɗari bisa ɗari, amma fayil ɗin da aka riga aka harhaɗa ya daina aiki. Haka ta faru da NumPy 2.0 a Yunin 2024: kunshe-kunshen da aka harhaɗa a kan jerin 1 suka ƙi tashi a kan 2 sai da aka sake harhaɗa su. Haka kuma OpenSSL 3.0, laburaren ɓoye bayanai, wanda ya fito a Satumbar 2021, ya mayar da libssl.so.1.1 zuwa libssl.so.3. Sauyin sunan nan gargaɗi ne da gangan. Abin takaici, sai ka ga wani ya ƙirƙiri mahaɗi mai tsohon suna ya nuna sabon fayil domin saƙon kuskure ya ɓace. Kada ka yi haka, ina roƙonka. Saƙon zai iya ɓacewa, amma manhajar za ta riƙa karanta ma'ajiya bisa tsohon tsari, ta faɗi ba gaira ba dalili, ko ta ci gaba da aiki tana ba da amsar da ba daidai ba, a laburaren da ke tsare sirrin mutane. Maganin guda ɗaya ne: a sake harhaɗa duk masu jingina, daga na ƙasa zuwa na sama, bisa jerin dogaronsu.

Tsallake sigogi da yawa a tashi ɗaya ma yana jawo asara, saboda masu manhaja nagari sukan yi gargaɗi kafin su cire abu. A Python 3.10 aka sanar da cewa za a daina distutils, kayan shirya kunshe-kunshe da ke zuwa tare da Python, aka cire shi a 3.12. Wanda ya yi tsalle daga 3.9 zuwa 3.12 bai taɓa ganin gargaɗin ba, karyewar kawai ya gani. Ka hau mataki-mataki: je ka sigar ƙarshe ta tsohon jeri, kunna gargaɗi, gyara abin da ya nuna, sannan ka tsallaka. Kuma ka karanta bayanin sauye-sauye na kowace siga da ke tsakani, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Game da gwaji, kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada kunshin da nasa gwaje-gwajen, su wuce, a ce an gama. To ai masu shi sun riga sun yi wannan kafin su fitar. Abin da ba wanda ya yi maka shi ne gwada masu jingina a kan sabuwar sigar. Debian na yin haka da autopkgtest kafin kunshi ya shiga reshen gwaji, masu Rust kuma suna da Crater, wanda ke harhaɗa kunshe-kunshen jama'a da tsohon mai harhaɗawa da sabo ya kwatanta. Kwatancen nan shi ne sirrin. Ka fara gudanar da gwajin kafin ka taɓa komai, ka ajiye sakamakon. In ba haka ba, za ka kwana kana neman laifin sabuwar siga a kunshin da ya shekara a karye.

Idan manajan kunshe-kunshe ya ce sigogi sun yi karo, hannu kan yi saurin kaiwa ga --force ko --legacy-peer-deps, ko a goge fayil ɗin da ke kulle sigogi a sake samar da shi. Na farkon toshe kunne ne. Na biyun ya fi muni, domin ka yi niyyar ɗaga kunshi ɗaya, ka ɗaga hamsin, in abu ya lalace ba ka san na wa ba ne. Ka ɗaga wanda ka nufa shi kaɗai, ka duba bambancin da ya shiga fayil ɗin kullen layi-layi. Ba na cewa mafitar wucin gadi haramun ce. Lokacin da Node.js 17 ya koma OpenSSL 3, webpack 4, mai haɗa fayilolin JavaScript, ya daina aiki saboda yana amfani da dabarar lissafi ta MD4, wadda OpenSSL 3 ya mayar rukunin tsofaffin dabaru, mutane suka rayu da --openssl-legacy-provider na wani lokaci. Laifin shi ne a sa irin wannan ba tare da an rubuta dalili da ranar cirewa ba.

Sai batun mutane, wanda masu fasaha suka fi rainawa. Masu kula da kunshe-kunshen da za su karye, da yawansu aikin sa-kai suke yi, bai kamata su fara jin labari daga masu amfani da suka fusata ba. Ka aika musu tun da wuri: ga sigar da ke zuwa, ga saƙon kuskuren da naku ya bayar, ga yadda za ku maimaita shi, ga ranar da muke son sauyawa. In ka haɗa da gyaran, ka rage musu rabin aiki. Mafi kyawun gyara shi ne wanda ke aiki da tsohuwar siga da sabuwa duka, domin zai iya shiga yau ba sai an jira kowa ba.

Kada kuma ka yi gaggawar janye tsohuwar. A Maris 2016 an cire left-pad daga npm, rumbun kunshe-kunshen Node, kunshi mai layi 11 kacal, sai ga manyan ayyuka irin su Babel sun kasa shiga kwamfutocin mutane. Inda zai yiwu, a bar sigogin biyu su zauna tare na ɗan lokaci. Amma a sa wa zaman wa'adi a bayyane, domin rashin wa'adi ma cuta ce: Python 3 ya fito a 2008, Python 2 bai yi ritaya ba sai 1 ga Janairun 2020, kuma da yawa ba su motsa ba sai da ranar ta matso. Kunshin da ba mai kula da shi, wanda ya hana kowa tafiya, dole a yanke masa hukunci: ko wani ya karɓe shi, ko a maye gurbinsa, ko a cire shi.

Kafin ka tura, ka gwada komawa baya da hannunka, kada ka ɗauka zai yiwu. Idan sabuwar sigar tana sauya tsarin fayiloli ko na rumbun bayanai a tashin farko, mayar da tsohon kunshi ba zai mayar da bayanan ba, sai da kwafin ajiya da ka tabbatar yana buɗuwa. Bayan turawa kuma ka ci gaba da sa ido na wasu makonni. Waɗanda suka ɗaga Log4j zuwa 2.15.0 suka tafi hutu, kafin Disambar 2021 ta ƙare an fitar da 2.16.0, da 2.17.0, da 2.17.1, kowace tana toshe wata kafar da aka gano bayan ta baya.