Darasi na Tara: Tsare Bayanan Mutane a Ma'ajiyar Intanet

Wannan darasi na duk wanda aiki ya sa bayanan wasu suka shigo hannunsa ne. Akwai mai ƙidayar da wata ƙungiya ta tura Mirriya ko Tanut da waya don ya rubuta sunayen magidanta. Akwai sakatariyar ƙungiyar mata mai riƙe da lissafin adashi, da malamin da ke tura sakamakon ɗalibai Yamai, da ɗan kasuwar Dole mai ajiye hoton katin shaidar masu karɓar kayansa bashi, da ma'aikacin da ke zaune a Damagaram alhali ofishinsa na wata ƙasa. Dukansu suna amfani da ma'ajiyar intanet, wasu ba su ma sani ba.

Ma'ajiyar intanet manyan kwamfutoci ne na wani kamfani, galibi a wata ƙasa, inda takardunka da hotunanka ke zama don ka buɗe su daga kowace waya. Google Drive, iCloud, OneDrive da Dropbox duk irinta ne. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa. iCloud da OneDrive giga 5 suke bayarwa. Abin ya yi kama da bankin hatsi: gero naka ne, ɗakin na wasu, kuma mai tsaron bai san fuskarka ba. Duk wanda ya zo da takardarka, shi za a auna wa.

Bayanan da muke magana a kansu su ne suna, lambar waya, hoton katin shaida, takardar haihuwa, sakamakon gwajin asibiti, yawan kuɗin da mutum ya karɓa, da inda gidansa yake. A Nijar doka ta kare su tun 2017, an kuma yi sabuwa mai lamba 2022-59 a watan Disamban 2022, hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, HAPDP, ce ke sa ido. Wanda ya tattara bayanan shi ke da alhakin tsare su. Ga dalili: idan jerin sunayen waɗanda za a raba wa tallafi ya faɗa hannun ɗan damfara, sai ya kira tsohuwa da sunanta da sunan ƙauyenta, ya ce ta tura jaka biyar kuɗin takarda kafin a saki nata. Za ta yarda, don ya faɗi abin da ma'aikacin gaskiya kaɗai ya kamata ya sani.

Akan fasa manyan ma'ajiyoyi. A watan Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta sanar cewa an kutsa kwamfutocinta masu ɗauke da bayanan mutane fiye da 515,000. Wannan ya fi ƙarfinmu. Amma yawancin bayanan da ke fita a wurarenmu ba a fasa komai ba, ƙofa aka bari a buɗe, kuma ƙofofin kaɗan ne.

Mahaɗin da kowa ke iya buɗewa

Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi, shi ya sa za mu daɗe a kanta. Idan za ka ba wani takarda daga Drive, ana ba ka adireshin da ake latsawa, wato mahaɗi. Iri biyu ne. Ɗaya sai mutanen da ka rubuta adireshinsu na Gmail ke iya buɗe shi. Ɗayan kuwa duk wanda ya samu ya buɗe, ko da bai taɓa jin sunanka ba. Mutane sun fi son na biyun don ba ya ba da wahala. Sai a tura shi zauren WhatsApp na ma'aikata, wani ya tura wa abokinsa, abokin ya tura gaba, mai takardar kuwa ba shi da hanyar sanin su wa suka gani.

Ga yadda ake rufe shi a wayar da ke cikin Faransanci. Buɗe Drive, latsa ɗigo uku da ke gefen sunan takardar, zaɓi "Partager". Nemi wurin "Accès général", ka mayar da shi "Limité". Daga nan ka rubuta adireshin kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓar masa matsayi. "Lecteur" karatu kawai yake yi, "Commentateur" na iya barin tsokaci, "Éditeur" na iya gyarawa da gogewa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, "Éditeur" na iya ƙara wasu mutane ba tare da ya tambaye ka ba, sai idan ka shiga saitin rabawa ka cire wannan izinin. Kada ka ba da wannan matsayi sai ga wanda lalle aikinsa gyara ne.

Abu biyu ke yaudarar ko da waɗanda suka iya. Na farko jaka ce, wato wurin da ake tara takardu. Idan ka buɗe wa mutum jaka, ka buɗe masa duk abin da ke ciki da duk abin da za a zuba nan gaba. Bara an buɗe wa direba jakar don ya ga jadawalin tafiye-tafiye, bana akanta ya zuba takardar albashi a ciki, shi ke nan. Na biyu shi ne ɓoye layi a takardar lissafi. Ɓoyewa ba gogewa ba ce: wanda ya kwafi takardar zai iya fito da layin lambobin wayar da ka ɓoye. Idan wani jimla kawai yake buƙata, buɗe sabuwar takarda ka zuba jimlar, ka tura masa ita.

Sau ɗaya a wata ka duba sunayen da ke kan kowace jaka. Wanda ya bar aiki a cire shi ranar da ya tafi, ba sai an tuna ba. Kuma a daina al'adar nan ta ofis guda da asusu guda wanda mutum takwas suka san kalmar sirrinsa. Idan abu ya fita ba a san ta hannun wa ba, wanda aka sallama kuma yana ci gaba da shiga daga gidansa.

Wa ya buɗe maka asusun?

Mutane da yawa a Birni da Zongo ba su suka buɗe Gmail ɗinsu ba. Yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe, ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar mai ita, wani lokaci ma ya sa tasa lambar a matsayin ta maido da asusu. Wato makullin na hannunsa har yau. Shiga saitin waya, zaɓi Google, shiga sashen tsaro na asusunka. Canja kalmar sirri, ka duba lambar waya da adireshin da aka sa na maidowa, ka goge wanda ba naka ba. A nan ne kuma za ka ga jerin na'urorin da asusun ke buɗe a cikinsu. Fitar da duk wadda ba ka gane ba.

Kalmar sirri mai kyau doguwa ce, haruffa 12 ko fiye. Haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani, ya fi gajeriyar kalma mai wuyar tunawa. Ban da sunan ɗa, shekarar haihuwa ko lambar waya. Kowane asusu da tasa. A 2012 an sace bayanan shiga na asusu miliyan 68 na Dropbox, kuma ta kalmar sirrin wani ma'aikacinsu aka bi, wadda ya yi amfani da ita a wani shafin da aka riga aka fasa. Wanda ba ya iya haddacewa ya rubuta a littafi ya kulle a gida. Hakan ba laifi ba ne. Laifin shi ne takardar da ake cusawa cikin rigar waya.

Sai tabbatarwa mataki biyu. Idan ka kunna ta, ko mutum ya san kalmar sirrinka sai an nemi wata lamba kafin ya shiga. Ana iya aiko ta ta saƙon waya, amma mai zuwa ƙauye ya fi dacewa da manhajar Google Authenticator, wadda ke ba da lamba 6 da ke canjawa duk daƙiƙa 30, ko babu layi ko kaɗan. Google na kuma ba da lambobin ajiya guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. Kwafe su a littafin nan, don ranar da waya ta ɓata su za su shigar da kai. Kada ka bar sim ɗin da ka sa a asusu ya mutu. Kamfanin waya na iya sayar da lambar ga wani, saƙonninka su koma hannunsa.

WhatsApp

A nan aikin nesa ya fi gudana a Damagaram. Lamba 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa ita. Wanda ya kira ya ce shi ne shugaban zaure, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo don a sa ka, asusunka yake ɗaukewa. Kunna tabbatarwa mataki biyu a saitin asusu, ka zaɓi lamba 6 taka ta kanka. Duba "Appareils connectés": ana iya haɗa na'ura har 4 da asusu ɗaya, kuma minti ɗaya da wayarka a hannun wani ya isa ya haɗa kwamfutarsa ya riƙa karanta komai daga nesa.

Hoton katin shaidar da aka turo maka yakan sauka cikin hotunan waya, daga nan Google Photos na iya kwashe shi zuwa intanet, ya zauna tare da hotunan suna da na biki. Kashe saukar hoto kai tsaye a zaurukan aiki, ka goge katin da zarar ka gama da shi, ka kuma leƙa kwandon shara, don Drive na riƙe abin da aka goge kwana 30. Ajiyar hirarraki da WhatsApp ke yi a Drive ita ma tana da nata makulli a saitin ajiya, wanda ba ya kunna kansa. Su GB WhatsApp da ake turawa ta Xender kuwa ba na kamfanin ba ne, ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Wayar aiki ba wurinsu ba ce.

Waya a hannun wani

Idan aka ɗauke wuta waya na kwana wurin mai caji, idan gilashi ya fashe ta wuni wurin mai gyara, da dare kuma tana hannun yara. Sa mata lambar kulle 6, ba zanen yatsa ba, don zane na barin sawu a gilashi kuma na kusa da kai na haddace shi da kallo ɗaya. Saita ta kulle kanta bayan daƙiƙa 30. Hana saƙo bayyana a fuskar waya tana kulle, in ba haka ba mai caji zai karanta lambar tabbatarwa ba tare da ya buɗe ta ba. Kafin a kai gyara a cire sim da katin ajiya. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar lambar kulle. Idan mai gyara zai gwada, kai ka buɗe kana tsaye.

Kafin sayarwa ko kyauta, fita daga asusun Google, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Goge hotuna da hannu bai wadatar ba. Tun yau ka buga *#06# ka rubuta lamba 15 da za ta fito, ita ce shaidar wayar idan aka sace.

A shagon intanet da na fotokopi, matsalar abin da ake bari ne. Takardar da ka sauke don bugawa na nan cikin kwamfutar bayan ka tafi, haka hoton katin da aka ɗauka. Sa a goge kana gani, har da kwandon shara. Idan dole ka buɗe Gmail a can, yi amfani da tagar sirri ta Chrome, kada ka yarda a ajiye kalmar sirri, ka fita daga asusun kafin ka tashi. A kwamfutarka ta gida, danna maɓallin Windows tare da L duk lokacin da za ka miƙe, ko alwala ce.

Idan abu ya riga ya fita

Jerin nan na da muhimmanci. Fara rufe ƙofar: mayar da mahaɗi "Limité", ko canja kalmar sirri ka fitar da sauran na'urori. Idan waya ce aka sace, shiga android.com/find daga wata wayar ka kulle ta ko ka goge ta; gogewar na aiki ne lokacin da ta hau intanet. Je ofishin kamfanin layinka da katin shaida a rufe sim a ba ka sabo. Sannan ka faɗa wa shugabanka a ranar, da sunan takardar da yawan mutanen da ke ciki. Ɓoyewa don tsoron faɗa shi ke ba ɗan damfara lokaci. Mutanen da abin ya shafa su ma a sanar da su, ta hannun mai gari ko shugabar ƙungiya, cewa ba wanda zai kira su ya nemi kuɗi ko lamba.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu, kowa da wayarsa a hannunsa, kada wani ya faɗa wa wani kalmar sirri. Kowa ya nemo lambar maido da asusunsa na Google, ya faɗa ko tasa ce. Kowa ya buɗe "Appareils connectés" ya ƙirga abin da ya gani. Mai takarda a Drive ya zaɓi ɗaya ya karanto matsayin kowane mutum da ke kanta. Wanda bai iya karanta Faransancin ba ya nuna wa malami fuskar wayar, amma shi zai latsa da yatsansa.