Murhun kwal a gidajen Birtaniya: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani kafin ya hura wuta

Wanda ya sauka a Landan ko Manchester da wuya ya haɗu da murhun kwal. Gas ne ke ɗumama gidajen can, ka danna maɓalli, ruwan zafi ya zagaya ɗakuna, shi ke nan. Amma a 'yan shekarun nan aikin asibiti da aikin kula da tsofaffi sun kai 'yan'uwanmu ƙauyukan da a da ba a ganin Bahaushe: lungunan Wales, Cumbria, Durham, Yorkshire, har tsaunukan Sikotilan. Da yawa daga cikin ƙauyukan nan bututun gas bai isa gare su ba. Sai ka kama haya ka tarar da wani baƙin akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi a falo. Ko kuma aiki ya kai ki gidan wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar kwal, ya ce ki taimaka ki duba masa wuta. Kellingley, rami mai zurfi na ƙarshe a ƙasar, an rufe shi a Disambar 2015, amma har yau akwai tsofaffin ma'aikatan da gwamnati ke kai wa makamashi gida a matsayin haƙƙinsu na aiki. A irin gidajen nan sunayen da za ka riƙa gani a jikin murhu su ne Parkray da Rayburn.

Mu mutanen wuta ne, babu wanda zai koya mana hura itace ko gawayi. Nan ne ma matsalar take, domin mutum yana zuwa da sanin da yake da shi, ya ɗauka duk wuta ɗaya ce. Kwal ba gawayin itace ba ne. Dutse ne da ake tonowa daga ƙasa, irin wanda aka gano a yankin Inugu a 1909, irin wanda kamfanin SONICHAR ke haƙa kusa da Agadas. Yana da wuyar kamawa, idan ya kama kuma zafinsa ya fi na itace nesa ba kusa ba, tokarsa tana da yawa, tana da nauyi. Babban halinsa, wanda komai na murhun ya rataya a kai, shi ne daga ƙasa yake shaƙar iska. Itace ya fi son ya kwanta a kan tokarsa iska ta zo masa ta sama. Kwal kuwa, da zarar toka ta toshe masa ƙasa, sai ya fara mutuwa, ko da ka buɗe duk kafofin sama.

Duk wanda ya taɓa girki da kurfoti ya riga ya san rabin darasin. Gawayi a sama, ƙarfe mai huji a tsakiya, ƙofa a ƙasa inda ake fifita. Idan wuta ta yi sanyi, sai a ɗan jijjiga kurfotin toka ta zube, a sa mafici, nan da nan garwashi ya yi ja. Murhun kwal na Turawa haka yake, sai dai ba za ka iya ɗaga akwatin ƙarfe mai nauyin mutum ka jijjiga ba, shi ya sa maƙeransu suka yi dabarar da ragar da ke ƙarƙashin wutar ita ce ke motsi.

Kafin ka hura wuta karon farko, buɗe ƙofar murhun yana sanyi, ka haska fitilar waya ka duba ƙasansa. Idan ka ga shimfiɗaɗɗen ƙasa babu raga, babu tiren toka a ƙarƙashi, to wannan na itace ne kaɗai, kada ka kuskura ka zuba masa kwal. Idan akwai raga, za ka ga ɗaya daga cikin iri biyu. Akwai mai faifai a tsakiya, zagayayyen ƙarfe mai tsagogi da ke juyawa dama da hagu idan ka ja wani ɗan ƙarfe a gefen murhun. Akwai kuma mai sanduna a jere, idan ka motsa mariƙin sai ka ga ɗaya ta matsa, ta kusa da ita tana tsaye, ta gaba ta matsa, haka har ƙarshe. A ganina mai sanduna ya fi aiki, domin duk faɗin wutar yake karkaɗewa. Mai faifai tsakiya kawai yake sharewa, kusurwoyi huɗun nan sai ka bi su da ƙarfen tona wuta, in ba haka ba toka ta taru a can wutar ta riƙa ƙanƙancewa kullum. Wasu murhunan suna da mataki biyu a mariƙin: ka tura shi gefe ɗaya sanduna su haɗe su rufe don itace, ka mayar ɗaya gefen su buɗe don kwal. Buɗaɗɗen murhun bango kuwa, wanda ba shi da ƙofa, yawanci ragarsa ba ta motsi, da ƙarfe ake tona ta ta ƙasa.

Ɗauki sanda ɗaya a hannunka ka juya ta. Za ka ga samanta ya fi ƙasanta faɗi. Da gangan aka zuba ta haka, don tsagar da ke tsakanin sanduna biyu ta zama matsattsiya a sama, buɗaɗɗiya a ƙasa. Duk abin da ya samu shiga ta sama zai faɗa tire, ba zai maƙale a tsakiya ba. Za ka kuma ji sandunan suna ƙwalƙwal a mazauninsu kamar ba a ɗaure su da kyau ba. Kada ka nemi abin da za ka cusa ka matse su. Ƙarfe yana buɗewa idan ya sha zafi, an bar masa wurin miƙewa ne, idan ka matse shi sai ya lanƙwashe ko ya tsage.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, ɗan'uwa. Iskar da ke shigowa ta ƙasa aiki biyu take yi: tana ciyar da wuta, tana kuma sanyaya ragar. Garwashin kwal yana zaune kai tsaye a kan ƙarfen nan sa'o'i da yawa, abin da ke hana shi lalacewa kawai shi ne iska mai sanyi da ke ratsa shi daga ƙasa. Ranar da ka bar tiren toka ya cika har tokar ta taɓo sanduna, ka rufe musu iska, wuta a sama, toka mai zafi a ƙasa. Cikin ɗan lokaci sai su kumbura, su banƙare, mariƙi ya ƙi motsi. Masu gidajen haya sun san wannan sarai, kuma sau da yawa suna ɗaukarsa sakacin ɗan haya, su cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarka. Shi ya sa ranar da ka karɓi mabuɗi ka ɗauki hoton ragar, ka aika wa mai gida ko wakilinsa. Idan da ma ta lanƙwashe, hoton ne shaidarka.

Karkaɗar kanta ba ta son ƙarfi. Ƙofar gilashi a rufe, safar hannu mai kauri a hannunka, ko ɗan ƙarfen da aka tanada don kama mariƙin, domin yana zafi. Ka yi ta motsa shi gajere-gajere, da sauri, ba ja mai tsawo ba. Idonka yana kan tiren ƙasa. Da farko duhu za ka gani da toka tana zuba. Da ka ga haske ja ya fara bayyana a tiren, ko 'yan ƙananan garwashi sun fara faɗowa, tsaya. Ka kai ga wuta mai rai, duk abin da ka ƙara karkaɗewa daga nan kuɗinka kake zubarwa. Da safe, idan wutar ta kwana ta yi laushi, kada ka fara da karkaɗa, za ta iya mutuwa gaba ɗaya. Buɗe kafar iska ta ƙasa tukuna, ka bar ta ta farfaɗo, ka yayyafa kwal kaɗan, sai ya kama sannan ka karkaɗe ka cika. Safe da yamma ya ishi yawancin murhuna, tire kuma a zubar kullum.

Wani lokaci mariƙin zai cije. Kada ka sa ƙarfi, kada ka buga da guduma, ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa ya dawo, karyewa yake yi. Yawanci kashin maƙera ne ya shiga tsakanin sanduna, wato tokar da zafi ya narkar ta dunƙule ta zama kamar ƙonannen dutse mai ƙofofi. Yana yawaita idan ana barin kafar iska a wangale wuta tana ruri, ko ana yawan dama garwashi da toka daga sama. Ƙusa daga katakon da aka tsinto ma tana yin haka. Ka bar wutar ta mutu, ka sa hannu ka tsince.

Hura wutar kuwa ba wuya. Takarda ko farin abin kunna wuta da ake sayarwa a kanti, ƙirare busassu a kai, kafar ƙasa a buɗe. Sai ƙiraren sun ci sosai ka fara ɗora kwal kaɗan-kaɗan. Kalanzir da fetur kuwa, kada ma su shigo zancen.

Sai maganar abin da za ka saya, a nan doka ta shigo. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 ne suka mutu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000. Daga nan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da aka hana fitar da hayaƙi. Yawancin manyan garuruwa suna ciki. Shiga shafin intanet na ƙaramar hukumarku ka duba ko titinku yana ciki, domin a Ingila tarar fitar da hayaƙi tana kaiwa fam 300, ta sayen makamashin da ba a amince da shi ba kuma har fam 1,000. Tun Mayun 2023 ma an hana sayar da ɗanyen kwal mai hayaƙi don amfanin gida a Ingila baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne antarasait, kwal mai tauri da sheƙi marar hayaƙi, da kuma dunƙulallen da ake yi a masana'anta mai siffar ƙwai. Nemi tambarin Ready to Burn, shaidar an amince da makamashin, a jikin buhun dunƙulallen. Itace ma tambarin ɗaya ne, yana nufin danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Wales da Sikotilan dokokinsu sun ɗan bambanta, sai ka tambaya a inda kake.

Ka lura da girman ƙwayar. Antarasait ƙanana kamar wake na wasu tukwanen ɗumama ruwa ne, idan ka zuba su a murhun falo ta tsagogin raga za su zube. Sannan akwai wani baƙin abu da ake samu daga matatar mai, ana sayar da shi da rahusa, zafinsa kamar me. Araha ba ta ado. Tokarsa kaɗan ce, ba ta kare ragar, yana cinye sanduna cikin hunturu ɗaya, masu ƙera murhu da yawa sun rubuta ƙarara cewa garantinsu ya faɗi idan aka yi amfani da shi. Haka nan kada ka saba haɗa itace da kwal a wuta ɗaya: danshin itace da farar wutar da ke cikin kwal suna haɗuwa su zama ruwa mai cin ƙarfe a cikin bututun hayaƙi. Dillalin kwal na yankin yakan fi gidan mai sauƙi, yana kawowa har gida, kuma farashi yakan sauka da bazara.

Toka kuma ba a raina ta. Tokar da ka ga ta yi fari tana iya ɓoye rushi har washegari, kuma tana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid mai guba. Bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar da shi waje nan take, nesa da bango da shinge. Ba a barinsa a kicin ko a bakin ƙofa ta ciki, ba a juye shi a kwandon shara na roba sai ya huce sarai. Tokar kwal ba taki ba ce, kada a zuba wa shuka.

Iskar kabon monoksaid ɗin nan ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, abin da ɗan ƙasarmu zai ce zazzaɓi ne ko mura, ya sha farasitamol ya ja bargo. Idan duk mutanen gida suna jin haka lokaci ɗaya, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi, ku buɗe tagogi, ku fita, ku kira 111, layin neman shawarar lafiya, idan wani ya suma ko numfashi ya yi masa wuya ku kira 999, layin gaggawa. A Ingila wajibi ne mai gidan haya ya sa na'urar ƙararrawa ta wannan iska a ɗakin da murhu yake. Idan babu, haƙƙinka ne ka nema a rubuce. Danna maɓallinta lokaci-lokaci ka ji tana ƙara. 'Yar kafar iska da za ka gani a bango ko a ƙasan ɗaki, wadda sanyi ke shigowa ta cikinta, na san yadda hannu ke ƙaiƙayin a toshe ta da tsumma. Don Allah a bar ta, ta nan murhun ke samun iskar da yake ja. Al'adarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu kuma a bar ta can ƙasarmu. Ɗakunanmu iska na ratsa su, na nan kuwa tagogi masu gilashi biyu ne da roba a bakin ƙofa. Yayyena da ƙannena mata, ko turaren wuta za a yi, kada a ɗebi garwashi daga murhu a zagaya ɗakuna da shi, a samu kaskon lantarki.

Tambayi mai gida yaushe aka share bututun hayaƙi, ya nuna maka takardar mai sharar. Aƙalla sau ɗaya a shekara ake yi, idan itace ake ƙonawa fiye da haka, kuma yarjejeniyar haya ce ke faɗin wanda zai biya, don haka karanta ta. Idan akwai yara, shingen ƙarfe da ake ɗaurewa a bango dole ne, domin jikin murhun da gilashinsa suna ƙona fata cikin ƙiftawar ido. Idan sanda ta karye, ana sayar da su ɗaiɗai, lambar murhun tana kan wani ɗan faranti a baya ko kusa da tiren toka. Babban gyara kuwa a nemi mai rajista da HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu aikin irin waɗannan murhuna, kuma a sanar da mai gida kafin a taɓa komai.